Kafin A Zana Kasuwa, A Fara Cin Kasuwa

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, 'yan'uwanmu ɗaliban sashen zanen gine-gine suka baje kolin ayyukansu a babban zauren tsangayarsu, suka kuma gayyaci duk mai sha'awa ya je ya kashe kwarkwatar idonsa. Aikin da aka ba 'yan ajin ƙarshe shi ne su tsara yadda za a sake fasalin tsohuwar kasuwar garin nan da kewayenta, wato kasuwar da akasarinmu muke zuwa cefane idan an turo mana kuɗin abinci daga gida. Na je, kuma gaskiya na ga aiki. An zana benaye masu hawa uku da huɗu, da shaguna a jere, da filin ajiye motoci, da itatuwa, da bandakuna. Wasu ma har sun haɗa ɗan ƙaramin samfurin ginin da kwali da katako, sun dasa 'yan mutane na roba suna yawo a ciki. Duk wanda ya ga wannan aiki ya san an yi rashin barci a kansa.

To amma da na daɗe ina dubawa sai wani abu ya tsaya mini a rai. Na nemi inda tirelar albasa za ta tsaya a sauke kaya da asuba, ban gani ba. Na nemi inda matar nan da nake sayen tattasai a wurinta za ta shimfiɗa buhunta ta kasa kayanta, ban gani ba. Na nemi hanyar masu baro da 'yan dako, sai na ga matakalar bene. Sai na tambayi ɗaya daga cikin masu zanen, wanda muke gaisawa da shi a masauki, na ce, "Ɗan'uwa, sau nawa ka je kasuwar nan kafin ka zauna zane?" Ya ce sau biyu: ranar farko sun auna fili, rana ta biyu sun ɗauki hotuna. Na ce, "Da wa ka yi magana?" Sai ya yi murmushi, ya ce sun so su yi, amma ɓangaren 'yan gwari duk Hausa ake yi, ɓangaren mata kuma Yarabanci, su kuwa takardar tambayoyinsu da Turanci take.

Wannan amsa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, duk zanen kasuwar da aka yi ba tare da an zauna an saurari mutanen kasuwa da harshensu ba, komai kyansa a takarda, korar talaka zai yi idan ya zama gini. Kuma mu ɗaliban harshe muna da hannu a cikin wannan magana fiye da yadda muke zato.

Kasuwa Ba Shaguna Ba Ce

Kuskure na farko shi ne ɗaukar kasuwa a matsayin tarin shaguna. A wurin mutanen ƙasar nan kasuwa tsari ne na zaman jama'a. Tarihi ya nuna Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma har yau tana ci. A ƙasar Yarabawa, kasuwar sarki, wadda suke kira Oja Oba, a ƙofar fada take zama, tana da Iyaloja da Babaloja masu faɗa a ji. A ƙasar Ibo kuwa, ranakun mako huɗu na gargajiya, wato Eke da Orie da Afo da Nkwo, su ne kuma ranakun kasuwa. Ke nan kasuwa ce agogon jama'a, ita ce majalisa, ita ce gidan labarai.

Mai karatu, dubi kalmomin da Bahaushe yake da su na mutanen kasuwa kawai. Akwai mai shago, akwai mai rumfa, akwai mai tebur, akwai mai kasa kaya a ƙasa, akwai mai talla da ke yawo da faranti a ka. Akwai ɗan sari da ɗan kiri. Akwai dillali mai cin la'ada, akwai ɗan dako, akwai mai awo, akwai mai gadi, akwai mai shayi da mai abinci waɗanda suke ciyar da duk waɗannan. Kowace kalma a nan tana nufin wani mutum da yake buƙatar wani irin wuri: wani inuwa kawai yake so, wani ƙofar da za a kulle, wani kuma hanya mai faɗi. Zanen da ya san kalma ɗaya tak, wato shago, ya share sauran daga kasuwa tun kafin a aza tubali.

Har ila yau akwai abin da ido ba ya gani. Wani Bature masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ya yi nazarin cinikin shanu da goro na Hausawa, ya fitar da littafi a kai a 1969. Abin da ya nuna shi ne, ƙashin bayan wannan ciniki shi ne maigida, wanda wasu ke kira fatoma: shi ne yake saukar da baƙon da ya kawo kaya daga Arewa, ya ba shi makwanci da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye ta hannun dillalansa, ya kuma tsaya masa idan an sayar da kayan bashi. Wannan tsari na amana bai mutu ba; duk wanda ya san yadda ake sauke tumatir da albasa a kasuwannin Kudu ya san da shi. To idan mai zane bai san da maigida ba, ina zai sa masaukin baƙi? Ina zai sa rumfar da ake zama a raba gardama? Ina masallaci da wurin alwala, ga mutanen da suke kwana su tashi a kasuwa?

Abin Da Ya Faru A Wasu Wurare

Kada a ce tsoro ne kawai na ɗalibin da bai san kan gini ba. Muna da misalai a gabanmu.

A watan Disamba na 2007 gobara ta cinye Kasuwar Tejuosho da ke Yaba a Legas. Aka rushe abin da ya saura, aka shiga gina katafariyar kasuwa ta zamani, ba a buɗe ta ba sai 2014. A cikin waɗannan shekaru bakwai, 'yan kasuwar da suka tsira da ɗan jarinsu sun watse, wasu sun koma bakin titi da gefen layin dogo. Da aka buɗe sabon ginin kuma, sai kuɗin shago ya fi ƙarfin da yawa daga cikin tsofaffin masu wurin. Aka wayi gari ga bene mai kyau da shaguna a kulle, ga kuma cinkoson masu sayar da kaya a waje. Ginin ya yi kyau, amma kasuwar ta koma titi.

A Oshodi ma, a watan Janairun 2016 gwamnatin jihar Legas ta rushe Kasuwar Owonifari, ta ce 'yan kasuwar su koma Kasuwar Isopakodowo da ta gina musu. Gwamnati ta ce ta ba da wa'adi, 'yan kasuwa da dama suka ce kayansu sun salwanta a ƙarƙashin katafila. Ko wane ne mai gaskiya, darasin ɗaya ne: ranar tashi da wurin komawa suna cikin zane, ba abin da za a bari sai daga baya ba ne.

A shekarar 2016 ɗin dai, bayan rikicin da ya ɓarke a yankin Mile 12 a watan Maris, gwamnati ta rufe kasuwar na wani lokaci, ta kuma yi shelar za ta mayar da ita Imota, can wajen Ikorodu. Shekaru suka yi ta wucewa motocin kayan gwari suna ci gaba da sauka a Mile 12. Dalili kuwa a fili yake: kasuwa tana zama ne inda hanya da mai saye suka haɗu, ba inda aka ga fili ya yi yawa ba.

Misali na ƙarshe ya fi ɗaci. Rikicin Kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, wanda aka yi asarar rayuka da dukiya a cikinsa, kamar yadda jaridu suka ruwaito ya faro ne daga sa-in-sa a kan kayan da suka zube wa wani ɗan dako a ƙofar wani shago. Ba na cewa matsatsin hanya ne ya haddasa rikicin, domin akwai tsofaffin ƙorafe-ƙorafe na shugabanci da ƙabilanci da suka daɗe suna ruruwa. Amma ina cewa a kasuwar da ƙabilu suke goga kafaɗa kullum, faɗin lungu, da inda ake zubar da shara, da wanda aka ba rumfar bakin ƙofa, duk magana ce ta zaman lafiya. Mai zanen da ya ware wa wata ƙabila lungun baya, ko da bai yi da niyya ba, ya binne garwashi a cikin toka.

Ba Cewa Nake A Bar Kasuwa Yadda Take Ba

Na san abin da 'yan'uwanmu masu zane za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce kasuwar garin nan ba ta da magudanar ruwa, da damina sai an naɗe wando. Za su ce wayoyin lantarki sun yi saƙar gizo-gizo a kan rumfunan katako, motar kashe gobara kuwa ba ta da ta inda za ta shiga. Duk haka ne. Babbar Kasuwar Jos ta ƙone a 2002, aka shafe fiye da shekara ashirin ba a mayar da ita yadda take ba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi mummunar gobara a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka tafi. Wanda ya taɓa ganin magidanci yana kuka a kan tokar jarinsa ba zai ce a bar kasuwa a cikin wannan hali ba. Gyara wajibi ne. Abin da nake ja a kai shi ne irin gyaran, kada garin neman gira a rasa ido.

Za su kuma ce ai wannan aikin aji ne kawai, ba wanda zai gina shi, maki ake nema. Wannan hujja ita ce ta fi ba ni tsoro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya ci maki mai kyau yau da zanen kasuwar da bai yi magana da kowa a cikinta ba, shi ne gobe zai zauna a ma'aikatar tsara birane ko a kamfanin ɗan kwangila, ya maimaita abin da aka yaba masa a kai. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su a kan ƙananan hukumomi. Su kuwa ƙananan hukumomi sau da yawa ba su da kuɗin gini, sai su miƙa fili ga mai jari ya gina ya sayar. Mai jari riba yake nema, kuma ba laifi ba ne. A irin wannan zama, wanda ya rage da zai iya tunawa da mai kasa tattasai shi ne mai zane. Idan ba a koya masa tunawa da ita a makaranta ba, a ina zai koya?

Wasu kuma za su ce 'yan kasuwa ba sa son canji, ko me aka kawo musu sai sun ƙi. Ni ban yarda ba. Ba canji suke ƙi ba, tashi ba dawowa suke tsoro, kuma abin da suka gani ya faru da 'yan'uwansu ya isa ya ba su tsoro.

Darasi Daga Dandaji

Akwai wata hanya, kuma an gwada ta a ƙasar Hausa. A garin Dandaji da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar, Mariam Issoufou Kamara, ta tsara kasuwar da aka kammala a 2018. Abin sha'awa gare mu ɗaliban Hausa, da ta kafa ofishinta a Yamai a 2014 da kalmar Hausa ta raɗa masa suna, wato Masomi. A da kasuwar Dandaji mako-mako take ci, a kewayen wata tsohuwar itaciya. Ba ta sare itaciyar ba, ba ta kuma ɗauke kasuwar ta kai ta bayan gari ba. Sai ta bar itaciyar a matsayin cibiya, ta yi wurin zama a kewayenta, ta gina rumfuna da tubalin ƙasa wanda aka matse da inji, ta kuma kakkafa faya-fayan ƙarfe masu launi daban-daban, wani sama da wani, domin su ba da inuwa iska kuma tana ratsawa. Manufar ita ce kasuwar mako ta zama ta kullum.

Ba ina nufin a kwafo Dandaji a dasa a nan ba, domin ƙauyen Sahel daban, garin da ake ruwa wata bakwai ko takwas daban. Abin koyi shi ne inda ta faro: ta fara da tambayar me mutane suke yi a nan, me ya sa suke taruwa a wannan wuri, sannan ta ƙara musu abin da suka rasa. Ba ta fara da hoton kantin zamani na Dubai ba, sannan ta nemi yadda za ta cusa mutane a ciki.

Ina Namu A Ciki?

Yanzu bari in juyo kanmu. Mun saba kukan cewa ana raina karatun harshe, ana tambayarmu wane aiki za mu yi da digirin Hausa. To ga aiki a ƙofar ɗakinmu. Ɗan'uwanmu ya tsaya a bakin rumfar 'yan albasa da takardar Turanci ya rasa abin cewa, mu kuma muna aji muna haddace rabe-raben jimla. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwarin da nake ba sassan biyu.

Na farko, kafin a ja layi ko ɗaya, kowane rukunin masu zane ya yi aƙalla mako biyu yana zuwa kasuwar, kuma a lokuta daban-daban: da asuba lokacin sauke kaya, da hantsi lokacin cinkoso, da yamma lokacin da ma'aikata suke biyowa cefane, da kuma ranar da aka yi ruwan sama. Gani ya kori ji.

Na biyu, kowane rukuni ya tafi da ɗalibin Hausa da na Yarabanci da na Ibo. Ba tafinta kawai za mu yi ba. Mu ne muka san ba a faɗa wa dattijo da tambaya kafin a gaishe shi a tambayi iyali da kasuwa, mu ne muka san ana fara neman izinin Sarkin Hausawa da Iyaloja da shugabannin ƙungiyoyi. Mu ne kuma muka san idan Bahaushe ya ce "to, ba laifi" ba lallai ne ya yarda ba, wataƙila kunya ce ta hana shi musu. Takardar da ake cika "e" ko "a'a" ba ta kama irin wannan.

Na uku, a ƙidaya kowa, ba masu shago kaɗai ba. A san yawan masu tebur, da masu kasa kaya, da 'yan dako, da masu abinci, domin a ware musu wuri tun a takarda. A kuma tambayi mata daban, domin sau da yawa idan an tara taro maza ne suke magana, alhali matan ne suka san matsalar bandaki da ruwa da inda za a kwantar da goyo.

Na huɗu, kowane zane ya zo da lissafi: nawa ginin zai ci, nawa hayar rumfa za ta zama, kuma nawa mai rumfar yake samu a yini? Idan lissafin bai haɗu ba, zanen ya faɗi, ko da ya fi kowanne kyau. Haka kuma ya nuna inda mutane za su zauna lokacin gini, da yadda za a yi aikin kashi-kashi ba tare da an tashi kasuwa gaba ɗaya ba.

Na biyar, a kai baje kolin cikin kasuwa. A ɗora samfurin kwalin nan a kan tebur a gaban masu wurin, a yi musu bayani da harshensu, a bar su su nuna da yatsa inda ba zai yiwu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma ba za mu dawo hannu rabbana ba. Kalmomin awo da na ciniki, da salon tayi da "albarka" da "na sallama", da irin Hausar da ake yi a kasuwannin Kudu wadda ta cakuɗa da Yarabanci da Turancin buroka, duk abin nazari ne da zai ishi kundin kammala digiri fiye da ɗaya. Yawancinmu muna ta maimaita batutuwan da aka riga aka tatse, ga kuma ɗanyen fage a bayan katangar makaranta.

Kammalawa

Bayan baje kolin da kwana biyu na je cefane, na nuna wa wani dattijo mai sayar da albasa hoton zanen a wayata. Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Na ce, "Baba, ya ka gani?" Ya ce, "Yaro, gini ya yi kyau ƙwarai. Amma su wa za su zauna a ciki?" Daga nan ya nuna mini buhunan da ke jibge a bayansa, ya tambaye ni wane ɗan dako ne zai hau bene hawa uku da buhun albasa a ka, kuma wace mata ce za ta hau can domin sayen albasar miya ɗaya. Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Wannan tambaya ta Baba ita ce ya kamata a rubuta a saman allon kowane ajin zane. Ina kira ga malamanmu na sassan biyu da su zauna su duba yiwuwar haɗa wannan aiki a zango mai zuwa, ina kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da kada ta jira a gayyace ta, ta je ta miƙa kanta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. 'Yan'uwanmu masu zane suna da basira da ƙwazo, abin da ya rage musu kunne ne, mu kuwa kunne da baki su ne sana'armu. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma tsare kasuwanninmu daga gobara da fitina, amin.